Daga Ƙarfe Biyu Zuwa La'asar

Ranar Alhamis ce, cikin azumin Ista, bazara ta kankama. Kande ta riga kowa tashi kamar kullum, ta ɗora ruwan koko, sannan ta leƙa ɗakin ɗanta Bilyamin. Ta same shi zaune a bakin katifa yana murza gwiwarsa ta hagu. Duk uwar da ta raini mai ciwon sikila ta san irin wannan murzar, don haka ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon hannun.

"Ciwo ne?"

"Tsufa ne, Mama."

"Tsufa, a shekara ashirin da shida?"

"To ba an ce miki ba zan kai ashirin ba? Ai ni yanzu dattijo ne. Kamata ya yi ku riƙa zuwa gaishe ni da safe."

Ta matso ta ja fatar idonsa ƙasa da babban yatsa. Rawayar da ke ciki ba ta wuce ta kullum ba. Ta taɓa goshinsa, babu zazzaɓi. Ta koma madafa.

Da gari ya waye sosai suka sha koko da ƙosai a tsakar gida, su uku: ita, da shi, da mahaifinsa Malam Irmiya, wanda ya yi ritaya daga ma'aikatar gona amma bai daina gardamar ruwan sama ba. Uba ya ce bana damina za ta faɗi da wuri, ɗa ya ce bara ma haka ya faɗa. Kande ta cika masa gorarsa da ruwan randa. Suka fito tare zuwa bakin titi, domin ita tana koyar da lissafi a wata sakandaren 'yan mata da ke can gefen gari. Shi ya tsayar mata da keke, ya riƙe mata jakar takardun jarrabawa har ta zauna.

"Yau me za a ci?"

"Abin da ka tarar."

"Ki sa kuɓewa."

Keken ya fara tafiya, ta leƙo da kai ta ce masa ya riƙa shan ruwa. Ya ɗaga gorar sama ba tare da ya waiwayo ba.

Abin da ya biyo baya, daga bakin Idrisu ta ji shi. Idrisu shi ne maigidan Bilyamin a garejin manyan motoci, inda yake gyaran wayoyin wuta. Da hantsi ya gyara fitilun wata tirela da za ta ɗauki shanu zuwa kudu. Da rana ta take ya ci shinkafa da wake, bai cinye ba, ya ce zafi ne. Da aka kira azahar, Idrisu da sauran ma'aikata suka ɗauki butoci, shi kuma ya wanke baƙin mai daga hannuwansa, ya cire rigar aiki ya sa mai tsabta. Haka yake yi duk Alhamis, kowa a garejin ya sani.

"Liman zai tafi nasa masallacin," in ji Idrisu. "A sa mu a ciki."

"Oga, kai ma ka sa ni. Taka ta fi saurin isa, sau biyar kake bugawa."

Idrisu ya ce ya lura yana ɗan jan ƙafa lokacin da zai tsallaka titi. Ya ce ya lura, amma bai ce komai ba.

A cocin Katolika da su Kande suke zuwa, duk Alhamis bayan Misar safe Fada yakan fito da Gurasa Mai Tsarki, wadda suka gaskata Jikin Almasihu ce, ya sa ta a wani mazubi mai ruwan zinariya mai kama da rana, ya ɗora a kan bagade, wato teburin ibada, a ƙaramin ɗakin sujada da ke can bayan gidansa. Haka take zama a buɗe har yamma, mutane suna zuwa su zauna gabanta shiru. Ƙa'idar ɗaya ce, kuma tun suna yara ake koya musu ita: ba a barin Sakramenti, wato Gurasar nan, shi kaɗai. Kowa da sa'arsa, kuma ba ka tashi sai mai karɓarka ya shigo. A da, mutum uku ko huɗu ne suke zama tare. Bayan shekarun tashin hankali, da iyalai da yawa suka kwashe suka bar Potiskum, sai da ƙyar ake samun mutum ɗaya ga kowace sa'a. Tun lokacin kuma ba a shiga harabar da waya ko jaka, ana barinsu wurin mai gadi a bakin get.

Sa'ar Bilyamin daga ƙarfe biyu ce zuwa uku, wadda ba mai so, domin rufin ɗakin na kwano ne. Mai karɓarsa Gogo Rahila ce, wata tsohuwa mai sayar da daddawa a unguwar Yindiski, kuma ita ce ta ƙarshe, tana zama har Fada ya zo ya rufe da albarka. Gogo ba ta da agogo, da an ba ta ma ba za ta iya karanta shi ba. Ranar da katikis, mataimakin Fada, ya ba ta ƙarfe uku ta tambayi wata a Zumuntar Mata ko yaushe ke nan, aka ce mata wajen la'asar. Shi ke nan ta riƙe. Sai ta ji kiran la'asar daga masallacin unguwarsu take ɗaukar sandarta ta kamo hanya, ta iso ana dab da ƙarfe huɗu, ranta fari, a ganinta ba ta taɓa makara ba. Bilyamin ya sani. Bai gaya mata ba, bai gaya wa katikis ba, bai gaya wa uwarsa ba.

A wannan Alhamis ɗin mai gadi ya karɓi wayarsa, ya ga wucewarsa. Wanda Bilyamin ya karɓa ya fito ya tafi. Fada yana wani ƙauye wajen Fika, ya je kai wa marasa lafiya Gurasa Mai Tsarki. Daga nan babu wanda ya sake ganinsa sai da Gogo ta iso a lokacinta na kullum, ta same shi kwance a ƙasa gaban bagade, riga ta jiƙe sharkaf, numfashi yana fita guntu-guntu. Kande tana yanka kuɓewa aka kira ta.

Ciwon ya hau ƙirji, in ji likita. Aka sa masa iska, aka ƙara masa jini. Ranar Juma'a Fada ya zo ya shafa masa man albarka a goshi da tafin hannu. A wannan ranar ce ta sunkuya ta tambaye shi abin da ya hana shi fitowa tun da ya ji ciwon ya taso. Ya ja abin iskar gefe da yatsa.

"Babu kowa, Mama. Da wa zan bar Shi?"

Ya rasu ranar Asabar da hantsi.

Bilyamin shi ne na biyu a wurinsu. Ta farin, Hanatu, ciwon nan ne ya ɗauke ta tun ba ta shiga makaranta ba, kuma daga kansa ba su ƙara haihuwa ba. Kande ta yi jami'a a Maiduguri, ta san abin da ke cikin jinin ɗanta, tana iya zana shi a allo. Wannan bai hana ta goya shi zuwa Misar warkarwa ta Juma'ar farkon kowane wata ba. A nan Fada yakan ɗauko Sakramenti ya bi layin marasa lafiya a hankali, mata suna waƙa ƙasa-ƙasa, wasu suna miƙa hannu su taɓa gefen rigarsa. Tana ɗaga yaron sama idan an zo kansu. Da ya yi nauyi ta riƙa tsayar da shi a kan benci. Fadoci sun zo sun tafi, kowanne ya ɗora masa hannu. Ya sha ruwa mai albarka, ya sha maganin asibiti, ba ta taɓa bari ɗaya ya maye gurbin ɗaya ba.

Ya girma siriri, mai dogayen yatsu, mai tsokana. Ya fara karatu a kwalejin kimiyya da fasaha, ciwo ya dawo da shi gida sau biyu cikin shekara guda, a na biyun ya ce ba zai koma ba. Kande ta yi kwana da kwanaki ba ta yi masa magana mai daɗi ba. Shi ya kai kansa wurin Idrisu. Da ya kawo mata atamfa daga abin da ya fara samu, ta karɓa ta ce launin bai yi mata ba, sannan ta ɗinka ta sa ranar Lahadi.

A wajen wannan lokacin ne ya daina bin ta Misar warkarwa. Ta zaci bangaskiyarsa ce ta yi sanyi, ta tsare shi a ɗaki.

"Mama, ba Allah na gaji da Shi ba," ya ce. "Na gaji da layin ne. Kowa ya gan ni sai ya karkata kai, yaya jiki, yaya jiki. Ranar Alhamis zan riƙa zuwa. A can ba mai tambayata yaya jiki."

"To me kake roƙo a can?"

"Ba na roƙon komai. Zama kawai nake yi."

Ba ta gane ba a lokacin. Ita ba ta taɓa shiga gaban Allah hannu sake ba, kullum da wannan yaron take shiga. Ta ci gaba da zuwa Juma'arta ita kaɗai, tana tsayawa a layi a madadinsa.

Bayan an binne shi, da 'yan gaisuwa suka ragu, ta koma asibiti ta nemi likitan. Ta tambaye shi, da an kawo shi da sa'a guda kafin lokacin da aka kawo shi, da ya rayu? Likitan ya ce ba zai iya ce mata e ba, ba zai iya ce mata a'a ba. Ta yi masa godiya. Mace ce da ta saba a ba ta amsa ko ta nemo ta da kanta, ga shi an ba ta tambaya ta riƙe.

Fada ya zo gida yi musu addu'a. Matashi ne, bai girmi Bilyamin da yawa ba. Kafin ya buɗe littafinsa ta ce tana da tambaya.

"Fada, da ya tashi ya fita, zunubi ne?"

"A'a, Mama. Ko kaɗan."

"Amma an ce ba a barin Sa."

Ya dubi tabarma. Sannan ya ce a wasu wurare ana ajiye farin ƙyalle kusa da bagade. Idan dole ta kama mutum, sai ya lulluɓe mazubin, ya durƙusa, ya fita. Kowa yana iya yi, ba sai Fada ba.

"A nan fa?"

"Ba mu taɓa ajiyewa ba. Mun koya musu kada su tashi. Ba mu koya musu yadda ake tashi ba."

Ya yi addu'ar, ya roƙa wa Bilyamin hutawa ta har abada, ya roƙa musu ta'aziyya. Malam Irmiya ya yi kuka a fili. Kande ta ce amin, domin bakinta ya saba.

Zancen la'asar kuwa a zaman makoki ya fito. Mai gadi ya faɗi lokacin da Gogo ta shigo, wata ta lissafa, kafin yamma kowa ya ji. Wata mai kaifin baki a Zumunta ta je ta gaya wa tsohuwar a gaban mutane cewa ƙarfe uku daban, la'asar daban. Gogo ta yi ta zuwa gidan. Tana zama a gindin katanga kusa da randa, sandarta a kan cinya, har rana ta karkata. Kande ba ta fito mata ba ko sau ɗaya. Ba ta zage ta ba, ba ta kore ta ba, in ta ji ƙarar sandar a zaure sai ta shige ɗaki. Daddawar da tsohuwar take bari a bakin ƙofa, Malam Irmiya ne yake kwashewa ya ba maƙwabta. Daga baya Gogo ta daina zuwa.

Kafin ruwan farko 'yan'uwan Malam Irmiya suka zo daga Gadaka. A gidansu ba a bari damina ta sami kayan mamaci a rufe, ana raba su ga dangi kowa ya ɗauki abin tunawa. Suka zauna aka gaisa, aka sha ruwa, babban ya kawo maganar. Makullin ɗakin yana ɗaure a bakin zanin Kande. Ta ce su yi haƙuri.

Da suka tafi mijinta ya same ta a madafa.

"Maman Bilya, sun yi tafiya saboda wannan."

"Na sani."

"To sai yaushe?"

"Ba yanzu ba, Malam."

Ba kayan take riƙewa ba, ita ma ta san haka. Tun yana jariri babu tashin ciwon da ba a hannunta ya yi ba. Ta san wanda ya same shi ranar da aka yi masa baftisma, da wanda ya kama shi a motar Gombe, da wanda ya sa ya ciji hannunta har ya bar tabo. Tana iya faɗin yadda kowanne ya fara da yadda ya lafa. Wannan guda ɗaya, daga ƙarfe biyu zuwa la'asar, shi kaɗai ne ba ta da labarinsa. Ba ta san lokacin da ya sauko daga benci ba, ko ya yi kuka, ko ya dubi ƙofa. Duk Alhamis in rana ta take sai ta ji jikinta yana sauraro, kamar za a kira ta. Mutum ɗaya ne ya ga ƙarshen wannan zaman, ita ce kuma matar da ba ta iya kallo. Tana zuwa coci ranar Lahadi, ta zauna a baya, ta fita kafin a fara gaishe-gaishe. Hanyar da ta bi ta bayan gidan Fada kuwa, ko kallonta ba ta yi.

Damina ta zo da wuri, kamar yadda Malam Irmiya ya ce, ta wuce. Aka shiga Nuwamba, watan da ake tunawa da matattu. A Misar tunawa aka karanta sunayen waɗanda suka rasu cikin shekarar, ana kunna kyandir ga kowane suna. Na Bilyamin ya faɗo tsakanin na wasu tsofaffi biyu. Mahaifinsa ne ya tashi ya kunna.

A hanyar gida, suna tafe a ƙafa, ya ce, "Kin san mai zaman sa'arsa yanzu?"

"Ina jin Fada ne."

"Gogo ce. An ce ta daina yarda da kowa a kan agogo. Da an kira azahar take tahowa, ta zauna nasa, ta zauna nata, har a rufe. Tun Ista."

 Kande ta tuna rufin kwanon, ta tuna shekarun matar.

Ranar Alhamis ta tashi daga makaranta, ta ce wa mai keke ya wuce da ita coci. Ta miƙa wa mai gadi waya da jaka. Ya karɓa da hannu biyu. Ta bi ta bayan gidan Fada, ta cire takalmi a bakin ƙofa.

Ɗakin ya fi yadda ta zata ƙanƙanta. Benci huɗu, tabarma, taga ɗaya da darbejiya a bayanta, kyandir biyu suna narkewa a gefen mazubin. Gogo tana kan bencin gaba, ta rame, carbi a hannunta, kanta yana rangaji. Kande ta durƙusa. Ta nemi addu'a a bakinta ba ta samu ba. Idonta yana kan siminti, tana auna inda mutum mai tsawonsa zai kwanta. Daga nesa ana jin kukan manyan motoci a kan titi. Zufa ta fara bin bayanta.

Gogo ta farka ta gan ta. Ta yunƙura za ta tashi, sandar ta faɗi.

Kande ta yi mata alama da hannu su fita waje, domin ba a hira a nan. Tsohuwar ta dubi ƙofa, ta dubi bagade. Sai a lokacin Kande ta gane cewa ba su da halin fita su biyu.

"Mu yi a nan, 'yata," in ji Gogo cikin raɗa. "Ai Shi ma yana wurin ranar."

Kande ta koma kusa da ita ta zauna.

"A ina kika same shi?"

Gogo ta nuna da carbi. Ba inda Kande ta auna ba ne, ya fi kusa da bagade.

"Ta wane gefe ya kwanta?"

"Dama. Fuskarsa tana nan wajen. Ya sa hannu ɗaya ƙarƙashin kai, kamar mai hutawa a gona."

"Yana kuka?"

"Ya yi kafin in zo. Na ga sawun a fuskarsa. Amma da na zo ba ya yi."

"Ya kira ni?"

Tsohuwar ta juya ƙwayar carbi ɗaya.

"Ba zan yi miki ƙarya a ɗakin nan ba. Bai kira ki ba. Bai kira kowa ba." Ta goge baki da gefen mayafi. "Kin san wasanmu. Kullum in na shigo sai ya ɗago ya ce mini a hankali, amarya, an gama kwalliyar? Ni kuma in ce tashi ka ba ni wuri, mijin da ba ya cefane. Ranar da na ɗora kansa a cinyata, ya buɗe ido ya ce, amarya, kin zo. Na ce na zo. Ya ce, to karɓi. Kamar yadda muke yi. Ni kuwa na buɗe maƙogwaro ina kiran mai gadi, a gaban Ubangiji, ban taɓa yi ba. Kafin ya iso sai yaron ya ja mayafina. Na sunkuya. Ya ce, Gogo, Mama za ta yi faɗa."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Kande, ita kanta ba ta san ko dariya ba ce. Ta rufe baki da hannu biyu. Ta daɗe a haka, kafaɗunta suna rawa, Gogo ba ta taɓa ta ba.

"Abin da nake tambayar Sa ke nan duk mako," tsohuwar ta ce, tana nuna bagade da haɓa. "Me ya hana yaron nan ya gaya mini? Kalma ɗaya. Gogo, ba la'asar ba ce. Da tun safe zan zo in tsugunna a bakin ƙofa. Shekara nawa yana zama mini, ni ina shigowa ina tsokanarsa."

Kande ta share fuska. Ta dubi tagar, da ganyen darbejiyar da ba ya motsi, da bencin da babu kowa a kai. Babu mai karkata kai a nan, babu mai tambaya.

"Ba don ke ya yi shiru ba, Gogo. Son zaman yake yi. Da kin zo da wuri da kin rage masa."

"Haka kike gani?"

"Ni na haife shi."

Suka zauna. Kyandir ɗaya ya lanƙwashe saboda zafi, Gogo ta tashi ta miƙar da shi. Can sai kiran la'asar ya taso daga wani masallaci a bayan katanga, wani ya amsa daga nesa.

"Daga mako mai zuwa ki koma zuwa da la'asar ɗinki," in ji Kande. "Daga ƙarfe biyu zuwa lokacin, nawa ne."

"Ai yanzu na san ƙarfe uku. Jikar maƙwabciyata ta nuna mini inda inuwa take kaiwa."

"Ki manta da shi."

"Aikinki fa?"

"Ba ni da aji Alhamis da rana. In an sa mini zan sa a canza."

Gogo ta kalle ta ta gefen ido. "Kishiya kika zo yi mini ke nan a wurin mijina."

"Surukarki ce ni, Gogo. Ki iya bakinki."

Ranar Asabar ta kwance makullin daga bakin zani. Ta share ɗakin, ta buɗe taga, ta ce wa Malam Irmiya ya aika Gadaka. Suka zo mako na gaba, babu wanda ya tayar da zancen damina. Riguna da wanduna suka tafi wurin 'ya'yan baffanninsa, sai da aka rage wa wasu tsawo. Katifa da fanka aka ba wanda zai yi aure a cikinsu. Akwatin kayan aikinsa Malam Irmiya ya kai gareji, Idrisu ya ƙi sayarwa ya ƙi kuma ba kowa, ya rataye shi a ƙusa ya ce mai bukata ya ara ya mayar. Sauran magungunan da ba a buɗe ba Kande ta kai asibiti, wurin da masu sikila suke ganin likita. Carbinsa uban ya sa a aljihu bai tambayi kowa ba.

A ƙasan akwatin tufafi suka tarar da farar shadda a cikin ledarta, ba a yanka ba. Ta Ista ce, bai kai ga kai wa tela ba. Babban baffan ya ce ta dace da ɗansa na fari. Kande ta ce wannan tata ce.

Ta je ɗakin sujada da igiyar awo, ta tsaya daga nesa ta kimanta tsawon mazubin da faɗinsa, ta ƙara taƙi guda ta kowane gefe. Ta yanka da kanta, ta kalmashe bakin da allura, ba ta yi masa ado ba. Fada ya sa masa albarka, kuma ranar Lahadi bayan sanarwa ya tsaya gaban jama'a ya nuna yadda ake yi: a lulluɓe, a durƙusa, a fita, a gaya wa mai gadi. Ya sa kowane mai sa'a ya zo ya gwada da hannunsa. Gogo ta gwada, ƙyallen ya zame mata, ta sake.

Yana nan a ninke a hannun dama na bagade. Kande takan kawo shi gida ta wanke in ya yi ƙura, ta goge, ta mayar kafin Alhamis. Shaddar ta yi saura da yawa, wadda za ta isa riga har da wando. Ta mayar da ita cikin ledar, ta sa a ƙasan akwatinta.